Santambul da ƙafa, ni da Kawu

Yawancin mutanenmu da suke zuwa Istanbul in ka tambaye su me suka gani sai su ce maka Laleli da Aksaray da ofishin kago, daga filin jirgi sai otal sai shago sai ɗaurin kaya sai komawa gida, wani ma ya yi shekaru yana zirga-zirga amma bai taɓa sanin cewa daga ƙofar shagon da yake saro abaya zuwa wajen da sarakunan Rumawa da na Usmaniyya suka zauna suna juya duniya tasha uku ce kacal a taram ba. Kawuna yana cikin irin waɗannan. Da ya ce in raka shi saboda ƙafarsa ta fara ba shi matsala kuma ni ne mai iya latsa waya, na ce to Kawu amma da sharaɗi, in an gama ciniki sai an bar ni na zaga garin nan. Ya ce shi dai abu biyu ne suka dame shi, kabarin Abu Ayyubal Ansari da ɗakin da aka ajiye kayan Manzon Allah (SAW), sauran kuma duwatsun kafiran farko ne, in ina so in je in yi ta kallo. Ƙarshe dai kusan ko'ina tare muka je, yana mita yana bi na.

Mun sayi katin Istanbulkart muka zuba masa kuɗi, da shi ake shiga taram da bas da jirgin fito duk, muka sauka a Sultanahmet. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne filin da ke gefen masallacin Sultan Ahmad, dogon fili ne shimfiɗaɗɗe da mutane ke zaune a benci suna cin simit, wato burodinsu mai riɗi, suna ɗaukar selfi, mafi yawansu ba su ma san cewa a tsakiyar filin sukuwar Rumawa suke zaune ba. Nan ne aka riƙa tseren keken doki tun lokacin da Sarki Kwastantin ya mayar da garin hedikwatar daularsa a shekarar 330, kuma nan ne a 532 magoya bayan ƙungiyoyin tseren, masu kore da masu shuɗi, suka haɗe kai suka yi wa Sarki Jastiniyan bore suka ƙone rabin gari, shi kuma ya sa sojoji suka rufe ƙofofin filin suka kashe mutum kusan 30,000 a ciki. Da na gaya wa Kawu sai ya ce ashe haukan 'yan kallo ba yau aka fara ba.

A tsakiyar filin akwai wani dogon dutse mai tsini, jaja-jaja, an sassaƙa masa rubutun Fir'aunonin Masar, tsuntsaye da idanu da sauransu, kuma rubutun raɗau yake kai ka ce bara aka yi shi alhali ya kai shekara 3,500. Na Fir'auna Tutmos na 3 ne, daga Karnak aka ɗauko shi, Sarki Tiyodosiyus ya sa aka kafa shi a nan a 390. Kusa da shi kuma akwai wani guntun ƙarfen tagulla a murɗe, macizai uku ne suka nannaɗe juna amma kawunan sun guntule tuntuni, shi kuma Girkawa ne suka ƙera shi bayan sun ci Farisa da yaƙi a 479 kafin haihuwar Annabi Isa, aka tumɓuko shi daga Delfi ta ƙasar Girka aka kawo nan. Dukansu biyun a cikin rami suke tsaye an zagaye su da ƙarfe, sai ka leƙa ƙasa za ka ga gindinsu, domin ƙasar garin ta yi ta tashi da tarin shekaru har asalin daɓen filin ya koma can ƙasa. To ga abin dariyar, su ma da suka kwaso na wasu an kwashe nasu, dawakan tagulla huɗu da suke saman ƙofar filin mayaƙan Salibiyya sun yi gaba da su a 1204 lokacin da suka washe garin, har yau suna Benis ta ƙasar Italiya. Tun daga nan na gane irin garin da na shigo, kusan duk abin da ka taɓa sai ka tarar ko an ɗauko shi daga wani wuri ko an ɗora shi a kan na wani. Kawu ya ce wannan ai tsohuwar riga ce, maho a kan maho, kowane sarki da ƙyallensa.

Masallacin Sultan Ahmad, wanda Turawa suka fi sani da shuɗin masallaci, gaskiya yana da kyau ba ƙarya, hasumiya 6, tayil ɗin Iznik sama da 20,000 a jikin bangon ciki, an fara shi a 1609 aka gama wajen 1617, shekarar da shi kansa sarkin ya rasu yana ɗan shekara 27. Amma cunkoso ba ya barin mutum ya natsu, ana ta tura ka gaba kana riƙe da takalmi a leda. Abin da ya tsaya min a rai ma a waje yake, wata sarƙa ce da aka rataye a ɗaya daga ƙofofin harabar, sarki ne kaɗai ake bari ya shiga ta nan a kan doki, to an saukar da sarƙar daidai yadda dole sai ya sunkuyar da kai kafin ya wuce.

Ayasofiya kam, tsohuwar cocin Rumawa da ta koma masallaci, wani abu ne daban, kuma duk hoton da ka gani a waya bai shirya ka ba. Daga waje ba ta ma da wani fasali sosai, katon gini ne ja-ja da aka tottokare da bangaye ta kowane gefe saboda girgizar ƙasa. Mun jira lokacin azahar muka shiga ta ƙofar masu sallah, wannan kyauta ne. Ina taka bakin babbar ƙofar tsakiya na ga marmaran ƙasa ya lotsa a gefe biyu, wai wajen da dogaran sarkin Rum suke tsayawa ne ƙafafunsu suka cinye dutsen. Sai na ɗaga kai. Wallahi sai da na dafa Kawu, ƙubbar tana can sama kusan mita 55, faɗinta ya haura mita 30, an jera tagogi zagaye da gindinta, hasken da ke shigowa ta cikinsu ya sa kamar ba ta zauna a kan komai ba. Kuma fa wannan ginin a cikin ƙasa da shekara 6 aka gama shi, daga 532 bayan waccan gobarar boren zuwa 537, mutum biyu masana lissafi Antemiyus da Isidor su suka tsara shi. Saurin ma ya jawo musu, don ƙubbar farko ta rufto a 558 bayan girgizar ƙasa sai da aka sake ta aka ƙara mata tsayi.

Da aka tayar da sallah na lura da wani abu da ba kowa ke kula ba, sahun bai yi daidai da ginin ba. Layukan kafet ɗin sun ɗan karkace zuwa dama, mihirabin ma ba a tsakiyar lungun gaba yake ba ya ɗan goce, domin waɗanda suka gina wajen coci suka gina ba su yi lissafin alƙibla ba, da sarkin Usmaniyya Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453 ya mayar da shi masallaci sai aka daidaita sahu aka bar gini yadda yake. A saman mihirabin can ƙololuwa akwai hoton Nana Maryam da jariri an saya shi da fararen labule, a gefe da gefe kuma ga manyan faya-fayai 8 masu faɗin mita 7 da rabi an rubuta Allah, Muhammad, halifofi huɗu da Hasan da Husaini da ruwan zinariya, rubutun Mustafa Izzat Efendi ne daga gyaran da aka yi tsakanin 1847 da 1849. Wata mage kuma ta zo ta kwanta a gaban sahunmu ba wanda ya ce mata kanzil. A 1934 gwamnatin Ataturk, shugaban jamhuriyar Turkiyya na farko, ta mayar da wajen gidan tarihi, aka daina sallah a ciki har zuwa watan Yuli na 2020. Masu jin daɗin dawowar sallah da masu jin haushi duk na karanta hujjojinsu, ni dai a matsayina na wanda ya sa goshi a wajen na ji daɗi, amma kuma na ga yadda dubban mutane ke gogar tsofaffin ƙofofin nan da kafaɗa kullum na ce anya ginin zai jure.

Benen sama kuma na 'yan yawon buɗe ido ne, tun farkon 2024 baƙo Yuro 25 yake biya. Kawu da ya ji kuɗin ya ce a gaishe su, ya samu inuwa ya zauna, ni na hau. Ba matattakala ba ce, wata hanya ce mai hawa a hankali da aka shimfiɗa da duwatsu tana zagayawa. A can ne ake ganin hotunan da aka yi da ƙananan gutsattsarin gilashi da zinariya an jera su ɗaya bayan ɗaya, rabin wasu ya zube, amma fuskokin da suka rage in ka matsa kusa har jan kumatu za ka gani. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne wani ƙarce-ƙarce a jikin marmaran da ake jingina a leƙa ƙasa, an rufe shi da gilashi, wani mutumin arewacin Turai daga cikin 'yan Baikin ne ya zana sunansa Halfdan sama da shekara dubu da suka wuce, wataƙila gajiya ya yi da tsayuwa. Yaron da ya yi wannan yau kamawa za a yi, na Halfdan kuwa layi ake yi a ɗauki hotonsa.

A harabar Ayasofiya ta gefe akwai hubbaren wasu sarakuna, shiga kyauta kuma kusan ba kowa. Mun shiga na Murad na 3, shi ne fa sarkin da Mai Idris Alooma na Borno ya aika wa jakadu kuma ya mayar masa da amsa a 1577. Kawu ya tsaya yana kallon ƙananan makarai da aka jera kusa da babbar, kowacce an lulluɓe ta da koren ƙyalle, ya ce annoba aka yi ne? Na ce a'a Kawu, wasu daga ciki 'ya'yansa ne, ɗansa Muhammad na 3 da ya hau gado a 1595 ya sa aka shaƙe 'yan'uwansa maza 19 don kar wani ya yi masa tawaye, wasunsu yara ne ƙanana. Kawu ya yi shiru ya yi ta salati, muka yi musu addu'a muka fito. Ban ga dalilin da mutum zai zo yana ba da labarin Usmaniyawa ya tsallake wannan ba, su da kansu ma abin ya dame su har daga baya suka koma kulle 'ya'yan sarki a wani sashe na fada maimakon kashe su.

Tsallaken titi kaɗan akwai wata 'yar ƙofa da in ba don layi ba ba za ka kula da ita ba, kana sauka ƙasa sai ka tsinci kanka a Yerebatan, ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da Jastiniyan ya gina. Ginshiƙai 336 masu tsayin mita 9 a tsaye cikin ruwa, sanyi, ɗiga ta ko'ina, fitilu suna canza launi wanda ni a ganina ya yi yawa, wajen ba ya buƙatar kwalliya. Ginshiƙan ba iri ɗaya ba ne saboda daga rusassun gine-gine aka tsinto su, a can ƙurya ma akwai manyan kawunan dutse biyu na wata dodanniyar tatsuniyar Girkawa mai gashin macizai, an sa su a matsayin matashin ginshiƙi, ɗaya a kife ɗaya a kwance ta gefe. Masu jagora suna ta ba da labarai na tsafi a kai, ni dai na fi yarda magini ne ya ga dutse ya yi daidai da tsayin da yake nema ya cusa. Daga baya har an manta da wajen, sai a ƙarni na 16 wani Bafaranshe mai bincike ya ga mutanen unguwar suna zura guga ta ramin cikin gidajensu suna jawo ruwa har da kifi.

Fadar Tofkapi kuwa ranar guda muka ba ta, kuma duk mai niyya ya sani ba a buɗewa ranar Talata. Ba dogon bene ba ce irin fadojin Turai, farfajiya ce bayan farfajiya, kowace ƙofa ka wuce sai waɗanda aka yarda su shiga a da su ragu. Alfatih ne ya fara gina ta 'yan shekaru bayan cin garin, sarakuna suka zauna a ciki kusan shekara 400. Ɗakunan girki kaɗai unguwa guda ne, bututun hayaƙi a jere, ana dafa wa dubban mutane kullum, yanzu an cika su da tangaran na ƙasar Sin. Zauren da waziri da majalisarsa suke zama shi ya fi burge ni, ɗaki ne madaidaici da dakali zagaye, amma a bango saman inda babban waziri ke zama akwai wata 'yar taga mai raga ta zinariya, sarki yana iya zuwa ya zauna a bayanta ya ji duk abin da ake cewa ba wanda ya san yana nan ko ba ya nan. Kawu ya daɗe yana kallon tagar nan yana murmushi, ya ce shi ma irinta yake buƙata a shago.

Ɗakin amanoni masu tsarki shi ne abin da ya kawo Kawu, kuma layinsa ya fi na ɗakin lu'ulu'u tsawo. Kafin ka shiga kana jin ƙira'a, akwai mahaddaci a zaune cikin wani ɗan keɓaɓɓen waje yana karatu, ana karɓa-karɓa dare da rana. Yawancin kayan Sultan Salim na 1 ne ya fara tattaro su bayan ya ci Masar a 1517, wasu kuma daga Makka da Madina aka riƙa kawowa daga baya. Akwai takubban da aka jingina wa Manzon Allah (SAW) da na halifofi, gashin gemu a cikin ƙaramin gilashi, sawun ƙafa, wasiƙa a kan fata da ta yi baƙi, makullan Ka'aba, tsohon indararon Ka'aba, da gidan da ake sa wa Hajarul Aswad. Mayafin Annabi shi ba a ganinsa, akwatin zinariyar da yake ciki kawai ake hangowa daga nesa. An hana hoto, ma'aikata suna ta cewa a yi gaba a yi gaba. Na waiga na ga Kawu hawaye na bin gemunsa, mutumin da ban taɓa ganin ya yi kuka ko a wajen rasuwa ba. Da muka zo kan sandar da aka rubuta ta Annabi Musa ce da tukunyar Annabi Ibrahim sai ya matso kunnena ya ce, wannan kuma Allahu a'alamu ɗana, mu wuce.

Sashen matan sarki ɗakuna ne fiye da 300, tayil mai kyau ko'ina amma duhu da ƙunci, kuma farkon abin da za ka tarar a bakin shiga shi ne ɗakunan bābanni baƙar fata, yaran da aka kamo daga Habasha da Sudan aka dandaƙe aka kawo su gadin mata. An ajiye mutum-mutuminsu a wajen, 'yan yawo suna wucewa suna hoto, ni kam jikina ya yi sanyi. Shugabansu kuma ba ƙaramin mutum ba ne a daular, shi ke kula da wakafin Makka da Madina, ɗaya daga cikinsu Haji Bashir Aga ya riƙe muƙamin kusan shekara 30 har ya rasu a 1746, masallacin da ya gina yana nan kusa da fadar. Girman muƙamin bai goge yadda aka kawo su ba dai.

Ganuwar garin ba ta cikin jerin wuraren da motocin 'yan yawo ke tsayawa sosai, kuma a nan na fi jin tarihin a jikina. An gina ta a farkon ƙarni na 5 zamanin Tiyodosiyus na 2, ta tashi daga tekun Marmara har zuwa mashigin Halic, wajen kilomita 6, hawa uku ce, gwalalo sannan ƙaramar ganuwa sannan babba mai hasumiyoyi, jan bulo da farin dutse layi-layi. Shekara dubu tana mayar da runduna baya. A cikin gwalalon yanzu lambuna ne, na ga wani tsoho yana ba latas ruwa da tiyo a gindin hasumiyar da ta tsage biyu, motoci kuma suna ta wucewa ta ƙofofin. Nan Alfatih ya kafa sansani ranar 6 ga Afrilu 1453 yana ɗan shekara 21, da manyan igwa da wani maƙeri Orban ya zuba masa, wanda sai da ya fara kai wa sarkin Rum tayin aikinsa aka rasa kuɗin biyansa. Rumawa sun ɗaure bakin Halic da ƙatuwar sarƙa don kar jirage su shiga, sai Alfatih ya sa aka shimfiɗa gumagumai aka shafe su da kitse aka jawo jirage kusan 70 ta kan tudu aka zura su ruwa ta bayan sarƙar. Ranar 29 ga Mayu bayan kwana 53 garin ya faɗi, sarkin Rum na ƙarshe, shi ma Kwastantin sunansa, ya mutu a wajen faɗan. In ka tsaya a gindin bangon ka ɗaga kai sai ka tausaya wa duka ɓangarorin, wanda aka ce ya hau da wanda aka ce ya tsare.

Daga can unguwar Ayyub Sultan ba nisa. Ayyub ɗin shi ne Abu Ayyubal Ansari, sahabin da taguwar Manzon Allah (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar shiga Madina, ya biyo rundunar da ta zo yaƙar garin nan zamanin Mu'awiya yana tsoho tukuf, ya rasu a hanya bayan ya yi wasiyya a kai gawarsa iya inda za a iya kaiwa cikin ƙasar abokan gaba. Bayan cin garin malamin Alfatih, Ak Shamsuddin, ya nuna wajen kabarin aka gina masallaci, a nan ne kuma ake rataya wa sabon sarki takobi in ya hau gado. Yanayin wajen ya sha bamban da Sultanahmet, nan 'yan gari ne suka fi yawa, tsofaffin mata da carbi, ango da amarya, yara maza an sa musu fararen kaya da hula mai gashin tsuntsu da sanda za a kai su kaciya, ga wata tsohuwar bishiya a tsakar gida da tattabaru. Kawu ya yi sallama ga sahabin ya yi addu'a, ya ga wasu suna shafar ƙarfen taga ya ɗan ɓata fuska amma bai ce komai ba. Wani dattijo Baturke ya kama hannunsa yana ta cewa haji haji yana dafa ƙirji, ba mai jin yaren wani amma sun fi minti goma a tsaye.

Dolmabahce ba zan ɓata lokaci a kanta ba. Fada ce irin ta Turai a bakin mashigin ruwa na Bosforus da Sultan Abdulmajid ya koma a 1856, fitilar gilashi mai nauyin tan 4 da rabi, zinariya har ta gundure ka, kuma an yi ta ne daidai lokacin da daular ta fara cin bashin Turawa, a 1875 ta kasa biya. Daga cikinta aka fitar da halifa na ƙarshe a watan Maris 1924 bayan an riga an mayar da hedikwata Ankara a 1923, a cikinta kuma Ataturk ya rasu a 1938, agogon ɗakin yana tsaye a 9:05.

In mutum wuri ɗaya kawai zai iya zuwa, ni Sulaimaniyya zan ce masa. Hawan tudun akwai wahala, sai da muka huta a hanya saboda gwiwar Kawu, amma kana shiga za ka ji iska, ba layi ba tikiti ba mai tura ka. Sarkin magina Sinan ne ya gina wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557, shi kuma Sinan ɗan Kiristoci ne da aka ɗauko daga ƙauye aka sa shi soja, ya fara da gina gadoji wa runduna, ya ƙare yana shugaban magina na wajen shekara 50, har Ayasofiya ma shi ya ƙara mata tokare da hasumiyoyi, kuma kana ganin ƙubbarsa ka san ya zauna ya karanci ta Rumawa da kyau. Ciki fili ne fes ba tarkace, duk inda ka tsaya kana hango liman. An ce ya tsara zagayawar iska yadda hayaƙin fitilun mai zai taru a wani ɗaki saman ƙofa a kankare kunkunniyar a yi tawada da ita, a tsakanin fitilun kuma an rataye ƙwan jimina wai yana korar gizo-gizo. Zagaye da masallacin akwai makarantu da asibiti da gidan ciyar da talakawa da gidan wanka, duk cikin wakafi ɗaya. Kabarin Sinan ɗin kansa ɗan ƙarami ne a wata kusurwa ta waje, in ba ka nema ba sai ka wuce shi.

A maƙabartar bayan masallacin, kusa da hubbaren Sulaiman da na matarsa Hurram, duwatsun kaburbura a tsaitsaye suke, na maza an sassaƙa musu rawani ko dara a ka gwargwadon matsayin mutum, na mata furanni. Kawu ya sa tabarau ya duƙa yana karanta ɗaya, Huwal Baƙi, almarhum wane, ga shekarar Hijira a ƙasa, ga Alfatiha. Wani saurayi Baturke da ke gefe da jakar makaranta ya matso ya tambaye ni da Turanci wai baban nan yana iya karanta wannan? Na ce sosai ma. Ya ce shi ba ya iyawa, tun 1928 aka canza musu haruffa zuwa na boko, kabarin kakan kakansa ma sai dai a karanta masa. Sai aka shiga wani aiki mai ban dariya, Kawu yana haɗa baƙaƙen yana furtawa da ƙarfi ba tare da ya san me yake cewa ba tunda yaren Turkanci ne, yaron kuma yana saurare yana gyara masa wasali yana cafko kalma nan da can ya fassara min, ni in mayar wa Kawu da Hausa. A haka mu uku muka gano mai kabarin ma'aikacin fada ne kuma yana roƙon mai wucewa ya yi masa Fatiha, muka yi masa. Yaron ya rantse sai ya saya mana shayi a rumfar da ke ƙasan masallacin, aka kawo a 'yan ƙananan kofunan gilashin nan masu siririn ƙugu, Kawu ya shanye nasa a kurɓa biyu ya juyo ya ce min, tambaye shi ko suna da babban kofi.